Famfo Na Ta Katsewa Yayin Zuba Dizal a Mota: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya daɗe yana tuƙa motar dizal ya taɓa cin karo da wannan. Allurar geji ta kusa kwanciya, an zura bakin famfo cikin tanki, an matsa, lita biyu ko uku sun shiga, sai ka ji ƙas, mai ya tsaya. A sake matsawa, ya sake tsayawa. Aikin minti biyu ya koma na minti goma, ga motoci sun yi layi a baya. Wani lokaci laifin gidan mai ne, wani lokaci na yadda aka riƙe famfon, wani lokaci kuma motar ce ke da ciwon da ya kamata a duba. Rarrabe waɗannan shi ke hana mutum kashe kuɗi a inda babu matsala.

Tankina bai ko kai rabi ba. Me ya sa famfon ke tsayawa kamar ya cika?

Domin famfon bai san abin da ke cikin tankinka ba, kuma ba shi da hanyar sani. Babu waya ko wata na'urar lantarki da ta haɗa shi da motarka. Idan ka duba bakin famfon da kyau, daf da ƙarshensa, za ka ga wani ɗan ƙaramin rami. Daga ramin nan wani siririn bututu ya bi ta cikin bakin ya hau har cikin hannun da ake riƙewa. A can ciki akwai inda hanyar mai ta tsuke, kuma idan mai ya ratsa matsattsen wurin da gudu, sai ya riƙa zuƙo iska ta wannan siririn bututu. Masanin Italiya Giovanni Battista Venturi ne ya yi bayanin wannan ɗabi'a ta ruwa mai gudu a 1797, kuma a kanta aka gina famfon da ke rufe kansa, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Richard Corson na Amurka a 1939.

Muddin iska na shigowa ta ramin, mai zai ci gaba da zuba. Da zarar wani abu ya rufe ramin, zuƙar ta rasa iska, sai ta janyo wani faifan roba da ke cikin hannun, shi kuma ya saki sakatar da ke riƙe da bawul, bawul ya faɗa ya rufe. Ƙarar da kake ji ke nan. An yi dabarar ne domin idan tanki ya cika, man da ya taso ya rufe ramin. To amma ramin ba ya tantance abin da ya rufe shi. Kumfa ce, fantsamar mai ce, ko man da ya rasa hanyar gangarawa ne ya dawo baya, duk ɗaya ne a wurinsa. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: me ke jiƙa bakin famfon tun tanki bai cika ba?

Motar fetur ɗina ba ta cika yi mini haka ba. Me ya bambanta dizal?

Kumfa. Dizal ya fi fetur kauri nesa ba kusa ba. Idan fetur ya haɗiyi iska, ƙwayoyin iskar sukan fashe nan take. Na dizal kuwa sukan daɗe, su taru, su hau saman juna, har su cika wuyan tanki su taɓa bakin famfon alhali ainihin man yana can ƙasa. Shi ya sa kamfanonin mai da yawa ke zuba wa dizal sinadarin kashe kumfa, galibi mai tushen silikon. Ba kowane dizal ne ke da shi daidai da na wani ba, don haka mota ɗaya tana iya shan mai salin-alin a wannan gidan mai, ta yi ta gardama a wancan.

Ina tsaye a gaban famfo yanzu, yana ta katsewa. Me zan yi?

Fara da rage gudun man. Kada a matse kunamar famfon har ƙarshe. A tsaya a rabi, ko a matakin farko idan tana da matakai. Yawancin lokaci wannan kaɗai ya wadatar, domin an bai wa iska damar fita, kumfa kuma ta ragu.

Idan bai yi ba, a janyo bakin famfon baya kaɗan, kamar santimita biyu ko uku. Wasu motocin wuyan tankinsu yana lanƙwasa ne daf da baki, to idan aka tura famfon har ƙurya sai man ya bugi lanƙwasar ya fantsamo kan ramin. Sannan a gwada murɗa hannun famfon zuwa gefe, dama ko hagu, yadda man zai bi jikin bango ya gangara maimakon ya daki bangon kai tsaye. Kowace mota tana da kusurwar da take so, kuma da zarar ka gano ta motarka, ka riƙe ta. Idan ma'aikacin gidan mai ne ke zuba maka, ka faɗa masa tun kafin ya fara. Ba zai san halin motarka ba sai ka gaya masa.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne nauyin tiyo. Idan aka saki famfon ya rataye a bakin tanki, nauyin tiyon yakan danne hannun ƙasa, bakin kuma ya ɗaga ya jingina da saman wuyan tanki. A tallafe shi da hannu. Bayan kowace katsewa kuma a dakata ɗan lokaci kumfar ta kwanta kafin a sake matsawa, domin matsawa a jere kumfa kawai take ƙarawa.

Ta yaya zan gane ko laifin gidan mai ne ko na motata?

Ka canza famfo, sannan ka canza gidan mai. Idan a famfo ɗaya kawai abin ke faruwa, ka bar motarka ta huta. Bakin famfo abu ne da ke shan wahala: yana faɗuwa ƙasa, yana lotsewa, datti yana shiga ɗan ramin nan, faifan roba yana tsufa. Wanda raminsa ya fara toshewa zai yi ta katsewa a kan kowace mota. Ka tambayi mai zubawa ko sauran motoci ma haka yake yi musu. Haka nan idan man da ke tankin ƙarƙashin ƙasa ya yi ƙasa sosai, ko bututun gidan man yana shaƙar iska, dizal kan fito a gauraye da iska, ya yi kumfa fiye da ƙa'ida.

Ka kuma saurara da kyau. Idan ƙas ɗin a hannun famfon kake ji, kunamar ta saki, to abin da muka bayyana ne. Idan kuwa man ya rage gudu da kansa sannan injin famfon ya yi shiru, wannan wani abu ne daban: an kai adadin kuɗi ko litar da aka saita, ko iyakar da katin banki ya amince da ita.

Amma in ka je gidajen mai daban-daban, ka rage gudu, ka canza kusurwa, kuma abin bai sauya ba, musamman idan a da motar ba ta yi, to matsalar tana jikin motar.

Famfon manyan motoci fa? Ai dizal ɗin ɗaya ne.

Man ɗaya ne, gudun ne ba ɗaya ba. Famfon ƙananan motoci yakan zuba kusan lita 40 a minti ɗaya. Na tireloli da bas-bas yana kai lita 70 zuwa 130, kuma bakinsa ya fi kauri, domin an yi shi ne don tankin da ke da faɗaɗɗen baki a buɗe, mai ɗaukar ɗaruruwan lita. Wuyan tankin ƙaramar mota ba zai iya haɗiye wannan ba. Ko dai bakin ya ƙi shiga, ko ya shiga ya toshe duk hanyar da iska za ta fita, sai katsewa, wani lokaci ma man ya yo amai ya jiƙa maka hannu da takalmi. In babu wani famfon sai shi, a zuba a mafi ƙanƙantar gudu, kuma kada a matsa daga wurin.

An ce mini bututun numfashin tanki ne ya toshe. Mene ne shi?

Tankin da muke cewa babu komai a cikinsa a cike yake da iska. Kowace litar dizal da ta shiga, dole litar iska ta fita. Ka tuna yadda kwalba mai siririn wuya take yi idan ka kwarara mata ruwa da ƙarfi: ruwan na son shiga, iska na son fita, duk ta ƙofa ɗaya, sai ruwan ya yi ta tsayawa yana ambaliya. Don kauce wa haka ne masu ƙera mota suka yi wa iska hanyarta daban. Wani ƙaramin tiyo ne da ke tashi daga saman tanki, ya bi gefen babban wuyan, ya sake haɗuwa da shi can sama kusa da baki. Mai na gangarawa ta babban, iska na hawowa ta ƙaramin.

Idan ƙaramin ya toshe, iska ba ta da mafita sai ta babban wuyan, ta yi karo da man da ke saukowa, ta turo shi baya ya rufe ramin famfo. Alamarsa ita ce za ka ji wuyan tankin yana gurnani, kana ganin man yana tasowa yana komawa, kuma ko ka rage gudu sosai ba ka samun sauƙi mai yawa.

Abubuwan da ke toshe shi suna da yawa. Tiyon roba kan lanƙwashe ko ya manne daga ciki idan ya tsufa. Idan abin da ke riƙe da shi ya karye, sai tsakiyarsa ta yi lako, dizal ya kwanta a wurin ya tare hanya, kuma wannan yana da wuyar ganewa domin idan aka cire tiyon aka busa za a ga a buɗe yake. Inda bututun ƙarfe ne, tsatsa ce ke cinye shi, domin yakan bi ta bayan taya inda laka da ruwa ke taruwa. Motar da ta daɗe a ajiye kuma, zanzaro ko gizo-gizo na iya yin gida a duk wata ƙofar numfashi da ke buɗe. A ƙasashe masu tsananin sanyi, ruwan da ya taru a ciki yakan daskare ya rufe hanyar.

Akwai kuma bawul biyu da ya kamata bakanike ya duba. Ɗaya yana saman tanki, aikinsa ya rufe idan mota ta kife don kada mai ya zube. Idan ya maƙale a rufe, numfashi ya tsaya. Ɗayan ɗan murfi ne a inda wuyan ya shiga tanki, mai buɗewa ciki kawai don hana mai dawowa. In ya cije bai buɗe sosai ba, man zai riƙa taruwa a wuya.

Na karanta a intanet cewa tukunyar gawayi ce ta cika. In canza ta?

Ka dakata tukuna. Wannan shawara gaskiya ce, amma ga motar fetur. Fetur yana tururi sosai, don haka ake sa masa wata tukunya mai ɗauke da gawayi da ke kama tururin kafin ya fita sarari, kuma idan ta jiƙe da mai takan hana tanki numfashi. Dizal ba ya tururi haka. Ƙa'idar Turai ta EN 590 ma ta ce tururinsa ba zai kama wuta ba sai zafinsa ya haura digiri 55, alhali na fetur yana kamawa tun a ƙasa da sifiri da nisa. Shi ya sa galibin motocin dizal ba su da wannan tukunya kwata-kwata. Abin takaici ne mutum ya biya kuɗin abin da motarsa ba ta da shi. Duk wanda ya ce zai canza maka ita, ka ce ya nuna maka inda take a jikin motar.

Bakin tankin motata yana da wani ɗan ƙyaure a ciki. Shi ma yana iya jawo haka?

Ƙwarai. Bakin famfon fetur faɗinsa kusan milimita 21 ne, na dizal kuma kusan 24 zuwa 25. Wannan na nufin na fetur yana shiga tankin dizal ba tare da gardama ba, kuma kuskuren da ke biyo baya yana da tsada. Don hana shi, kamfanoni da dama suka sa ƙyauren da ba ya buɗewa sai an zura baki mai kaurin na dizal. Ford tana da tsarinta na Easy Fuel, wanda ba shi da murfin murɗawa, tun kan Mondeo ta 2007. Wasu motocin Land Rover da Jaguar kuma suna da tarkon da ke rufe hanya idan an zura siririn baki, kuma ba ya komawa daidai sai da wani ɗan mabuɗi da ke zuwa cikin kayan motar.

Idan bakin famfon ya lotse, ko gidan man ya sa siririn baki a famfon dizal, ƙyauren ba zai buɗe ba, ko ya buɗe rabi. Man zai taru a gabansa, famfo ya katse tun a daƙiƙar farko. Ƙura da datti ma kan sa ya cije. Kada a danna shi da sukudireba ko sanda. Maƙallansa na roba ne, kuma in suka karye, duk wuyan ake canzawa. Motocin da ba su da murfi sukan zo da mazurari na musamman, shi ne na zuba mai daga jarka. Ka neme shi a but, kusa da tayar safaya.

Idan na buɗe murfin tanki ina jin iska tana huci. Akwai alaƙa?

Ɗan huci kaɗan ba abin damuwa ba ne. Amma idan iska ce ke faɗawa ciki da ƙarfi bayan doguwar tafiya, har murfin yana wuyar buɗewa, to tankin ba ya samun iskar da za ta maye gurbin man da inji ya sha. Wannan ya wuce takaicin gidan mai. Famfon cikin tanki yana jan mai da kyar, mota na iya rasa ƙarfi ko ta mutu a hanya, tankin roba ma yana iya shanyewa ciki. A duba murfin da hanyoyin numfashi ba tare da jinkiri ba.

Abin ya fara ne bayan an yi wa motar gyara. Arashi ne kawai?

Da wuya. Duk aikin da ya sa aka sauke tanki, aka gyara gefen baya bayan haɗari, ko aka canza bodin a-kori-kura, yana iya barin tiyo a matse tsakanin tanki da shasi, ko wuyan tanki a kwance ba shi da isasshen gangare. Ragar hana satar mai da ake ƙarawa a wuyan tanki ita ma tana rage hanya. Ka koma wurin wanda ya yi aikin.

Zan iya buɗe bututun numfashin da kaina?

Idan kana da hannu a aikin mota, dubawa ba ta da wuya. Yawanci cire tayar baya ta ɓangaren tanki da robar da ke rufe da ramin tayar zai nuna maka wuyan da ƙaramin tiyon da ke gefensa. Ka bi shi da ido da hannu kana neman lanƙwasa, lako ko tsatsa. In za a busa masa iska, a cire shi daga jikin tanki tukuna, in ba haka ba duk dattin cikin tanki zai faɗa, daga nan ya wuce filta. Kada a cusa iskar kwamfuresa mai ƙarfi cikin tankin da ke rufe. Kada a kusanto da wuta ko walda; wuyar kamawar dizal ba ta nufin ba ya kamawa. Abin da ya kai ga sauke tanki kuwa, a bar wa bakanike.

Idan tanki ya cika da gaske, famfo ya katse, laifi ne in ƙara har baki?

A motar dizal katsewar farko sau da yawa kumfa ce, don haka babu laifi ka jira ta kwanta ka ƙara sau ɗaya a hankali. Bayan wannan ka tsaya. An bar sarari a saman tanki da gangan, domin dizal yana kumbura idan ya ji zafi: lita 60 da zafinsu ya ƙaru da digiri 20 za su ƙaru da kusan lita ɗaya. Man da ya fito da sanyinsa daga ƙarƙashin ƙasa, aka ɗura shi har baki, aka ajiye mota a rana, dole ya nemi mafita, kuma bututun numfashin nan ne zai cika. Wanda ya tsiyaya a kan kwalta kuma santsi ne da shi, yana daɗewa bai bushe ba, kuma masu babur ne ke biyan farashinsa a kan kwana. Ƙari a kan haka, idan ana ɗiga mai a hankali sosai, zuƙar da ke rufe famfon ba ta da ƙarfi, yana iya ƙin katsewa gaba ɗaya.

To in zare bakin famfon gaba ɗaya ina zubawa daga waje, ko in tokare kunamar da wani abu?

A'a, duka biyun. Katsewar tana ba da haushi, amma ita ce ke tsakaninka da malalar mai. Janyo bakin baya kaɗan daban ne da fito da shi inda ramin ba zai taɓa haɗuwa da mai ba.

Famfo ya katse, ya ƙi karɓar ƙari, amma geji bai nuna cika ba.

Ka kwatanta litar da ta shiga da girman tankin da ke rubuce a littafin motar. Idan lissafin ya yi daidai, tanki ya cika, gejin ne ke da matsala, ko kuma yana jinkirin hawa, domin wasu motocin sai an ɗan yi tafiya allurar ke daidaita. Motocin da ke da furofela zuwa tayoyin baya sukan zo da tanki mai ɓangare biyu da ya haye kan furofelar, kowane ɓangare da ma'auninsa. Ɗaya ya lalace, geji ya yi ƙarya. Tsayawa a wuri mai gangare ma kan tara iska a kusurwar tanki ta hana 'yan litocin ƙarshe shiga.

Famfon AdBlue ma yana yi mini haka. Dalili ɗaya ne?

Ba lallai ba. AdBlue, wanda wasu motocin dizal ke amfani da shi don rage gubar hayaƙi, ruwan yuriya ne, kashi 32.5 cikin ɗari, sauran tataccen ruwa, kuma tankinsa daban ne mai shuɗin murfi. Famfonsa da yawa, musamman na manyan motoci, ba sa sakin ruwan sai sun ji maganaɗisun da ke bakin tankin da ya dace, don kada a zuba shi cikin dizal. Motar da ba ta da wannan zoben maganaɗisu, famfon zai yi ta tsayawa. A nemi famfon ƙananan motoci ko a saya na jarka.

Idan na yi haƙuri da abin haka nan, zai cutar da inji?

Katsewar kanta ba ta taɓa inji. Halin da take jefa direba a ciki ne abin tsoro. Wanda ya gaji da gardamar famfo yakan zuba kaɗan ya tafi, ya riƙa yawo da tanki a ƙasa. Injin dizal na zamani yana tura mai da matsin da ke kai bar 2,000, kuma dizal ɗin ne da kansa ke shafa wa babban famfon injin da nozul-nozul maiƙo. Idan tanki ya ƙafe aka zuƙi iska, ƙarfe na gogar ƙarfe, sannan wasu motocin ba sa tashi sai an fitar da iskar daga bututun mai. Idan ka tabbatar daga motar ne, ka faɗa wa bakanike lokacin da abin ya fara, ko bayan wani gyara ne, lita nawa ke shiga kafin ya katse, da ko murfin yana huci, sannan ka nemi ya fara da ƙaramin tiyon numfashi kafin a yi maganar sauke tanki.